Aron Rariya

Tun da injin niƙa ya shigo unguwarmu ban ƙara jin mace tana waƙa a kan aikinta ba. Yanzu sai a zuba wa yarinya gero a roba, ta je ta bi layi, injin ya yi ta ihu kamar ana dukansa, ta dawo da gari mai ɗumi da ƙaurin ƙarfe. Ba na raina sauƙin, don ni na san abin da dutsen niƙa ya yi wa gwiwoyina da kafaɗuna. Amma a zamaninmu idan gari ya waye a Daura, kafin ka ga hayaƙin gida za ka ji muryar matan gidan. A unguwarmu, nan kusa da Kusugu, kana iya gane wadda ke niƙa ba tare da ka leƙa ba. Wannan mai jan murya ce, waccan mai guntun numfashi, wata kuma ta tashi da fushin mijinta tana faɗa masa magana ta bakin dutse, shi kuwa yana zaure yana yi kamar bai ji ba. Waƙa ce ke ɗauke rabin nauyin aikin. Wadda ba ta iya ba ma takan yi ɗan gunaguni a maƙogwaro, don niƙa shiru ciwon baya ne kawai.

A gidanmu mai waƙa ita ce Gwaggo Tabawa, yayar babanmu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta aka ba ta ɗakin da ke kusa da rumbu. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, kuma ba ta iya magana a hankali ba. In ta durƙusa gaban dutse ta ja baiti ɗaya, sai ka ji maƙwabta ta bayan darni suna amsa mata. Waƙoƙinta iri biyu ne. Akwai waɗanda kowa ke ji, na yabon iyaye da kewar garinsu da tsiyar malalaciya, mu ma yara muna bi muna amshi. Akwai kuma waɗanda ake kira waƙar manya. Su ba a yin su kullum, sai ranar da mata suka taru dakan biki ko na suna, maza sun watse gona da kasuwa, turame uku ko huɗu a jere, ana lugude ƙasa na amsawa. Batsa ce, ba sai na ɓoye ba. Amma batsa ce mai sutura, wadda ke zancen guga da rijiya ko na rini da marina, wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba ya ɗauka zancen sana'a ake yi.

Kafin a fara irin wannan waƙa akwai abin da ake yi, kuma ban taɓa ganin an tsallake shi ba. Gwaggo takan dakata da taɓarya, ta ɗaga kai ta bi tsakar gida da ido, duk yarinyar da idon ya tsaya a kanta sai ta ce, "Ke, je gidan Iya Dije ki aro mani rariya." Alhali ga rariyoyi uku rataye a bangon madafa, kowa na ganinsu. In kin je gidan Iya Dije, tsohuwar da ke gaba da mu da gida biyu, sai ta ce, "Ana tankaɗe da ita, zauna ki jira," ta turo maki faifan gyaɗa ki ɓare. Ita kuwa kunnenta na can gidanmu. Sai ta ji dariyar mata ta lafa, dakan ya koma na aiki zalla, sannan ta miƙo maki rariyar. Ki kawo ta da gudu kina haki, a ce ajiye can, har yamma ba mai taɓa ta. Babu shekarun da aka yanka. Na ga budurwar da ake shirin aurenta an aike ta aron rariya saboda bakinta ba ya riƙe magana, na kuma ga wadda ba ta kai ta ba an bar ta ta zauna. Ranar da aka daina aikenki ba a shela, ba a ce maki komai. Idon Gwaggo ne kawai zai wuce ta kanki ya sauka kan ƙanwarki. Na tuna ranar da ya wuce ta kan yayata Hajara. Da na dawo da rariya na tarar ko tafiyarta ta canza, ta dube ni kamar ba uwa ɗaya ta haife mu ba, abin ya ci mini rai ƙwarai.

Ni tun ina ƙarama ba a yi mini wayo sau uku. Lokacin haƙorana na gaba sun gama sake fitowa, na zauna na lissafa cewa gidan da ke da rariya uku ba shi da dalilin aro. Ranar dakan sunan wani ƙanenmu, da aka aike ni, sai na fita ta ƙofa ina buga ƙafa don a ji, na zagayo ta inda darni ya ɓule, na maƙale a bayan rumbu tsakanin kaji. Nan na ji Gwaggo ta ɗauko waƙar wani maƙeri. An ce yana da zugazugai manya, ya tara gawayi har rufin maƙera, duk gari na jin cika bakinsa, amma kullum wutarsa kan mutu tun ƙarfe bai yi ja ba. Mata suka kece da dariya, wata har ta saki taɓarya ta dafe ciki. Ni kuwa na juya maganar ta kowane gefe ban ga abin dariya ba. Daga ƙarshe na yanke cewa kirarin maƙera ne, daɗinsa ne ya sa suke dariya. Allah ya ba ni kunne mai kama abu, kafin su maimaita sau uku na haddace ta tsaf, da karinta da inda ake jan murya. Na koma gidan Iya Dije na karɓo rariya a makare, ina jin kaina kamar wadda ta tsinci zobe.

Ba a yi kwana goma ba, ana dab da saukar damina, maƙerin Sandamu ya zo. Abokin Baba ne tun suna samari, duk shekara yakan ɗoro fartanyu da garemani a kan jaki ya sauka zaurenmu, su yini suna hira. Ranar akwai maƙwabta biyu tare da su. Da hantsi aka dama fura aka ce in kai. Na durƙusa na ajiye ƙwarya na gaishe su, maƙerin ya dube ni ya ce, "Kai, ɗiyar nan ta girma, Allah ya yi albarka." Daɗi ya kama ni, na ce a raina mutumin da ya yabe ni haka ai ya kamata in saka masa. Sai na gyara durƙuso, na buɗe murya irin ta Gwaggo, na rera masa kirarinsa daga farko har inda wutar ta mutu. Na ma ja ƙarshen yadda ta ja.

Ban taɓa jin shiru irin na wannan zauren ba. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya kama tarin ƙarya, ya miƙe ya fita yana toshe baki da hannun riga. Abin da ban sani ba, kuma Gwaggo ma ba don shi ta yi waƙar ba, shi ne matar maƙerin ta koma gidan iyayenta watanni biyu da suka wuce, bakin mutane kuma bai bar dalilin ya huta ba. Ludayin na hannunsa, bai kai baki ba. Ya mayar da shi cikin ƙwarya a hankali ya ce wa Baba, "Ashe haka ake zancena a gidanka, har yara sun iya." Baba ya yi rantsuwa, ya riƙe masa riga, ya bi shi har bakin hanya. Mutumin ya kwance jakinsa ya tafi. Har Baba ya koma ga Allah bai sake taka zaurenmu ba.

Baba bai dake ni ba. Ya shigo tsakar gida ya tsaya, kuma da yake ba zai iya duban tsabar idon yayarsa ya yi mata faɗa ba, sai ya fuskanci bangon madafa ya ce, "Daga yau kar in ƙara jin waƙa a gidan nan, ta manya ko ta yara." Ya juya ya fita. Innarmu ta zaro tsumagiya ta yo kaina, Gwaggo ta riƙe mata hannu.

"Sauke," in ji ta. "Yarinya ba ta san abin da ta ɗauka ba. Waƙar tawa ce, ni ya kamata in tashi in duba wa ke saurare kafin in buɗe baki. Na aike ta, ban bi sawunta ba."

Daga ranar Gwaggo Tabawa ba ta sake waƙa ba. Bayan shekara Baba ya huce, ya aika ta bakin Inna cewa ya janye maganarsa, Gwaggo ta ce ta ji ta gode, ta ci gaba da niƙanta shiru. Gidanmu ya zama gidan da ake jin gurzar dutse kawai da safe, maƙwabta su jira amshi su gaji. Na girma a cikin wannan shirun, na yi aure a cikinsa, idon Gwaggo bai taɓa wucewa ta kaina ba don an daina dubawar. Har yau in na tuna ni ce sanadi sai in ji zafi a ƙirjina. Kuma kar wani ya ɗauka hanin ya tsare mana kunne. Mun ji duk abin da ake ɓoyewa, har da ƙari, a bakin rijiya da hanyar itace, daga bakin 'yan matan da ba su girme mu da komai ba, tsirara babu sutura, babu kuma babba a kusa da zai ce wannan ta ɗaki ce, wannan ba a fita da ita.

Duk wannan ya dawo mini ne saboda wani kaset. A shekarun da aka kawo shari'a ina cikin masu murna, kuma har gobe ina ciki, don na ga gidajen da giya ta rusa. Gari ya yi tsit ta wani fannin. Makaɗa suka yi wuyar gani a biki, aka koma walima da wa'azi, kowane shago ka wuce kaset ɗin malami ke tashi. Sai dai kiɗa bai mutu ba, aljihu ya shige. Samari na samo kaset-kaset daga hannun direbobin da ke bi ta Kongolam, can bakin iyaka, a naɗe cikin leda, ana miƙa wa juna kamar goro. Ni lokacin ina zaune gidan ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa sai dai in ce Malam. Turanci yake koyarwa a makarantar sakandare, mutum ne mai tsare gida, mai gudun abin magana, ya kuma gado zuciyar kakansa ba tare da ya sani ba. Babban ɗansa Kabiru, wanda nake tsokana da maigidana, gashin baki ya fara yi masa duhu. Sai ƙaramarsu Ummi, takwarata, wadda ba ta wuce shekara bakwai ba.

Kiɗan da Kabiru ya samo na Turawa ne, wai shi rok. Jita ce mai lantarki da ganguna, ƙararta kamar ana jan kwanon rufi a kan dutse, sai wani ƙato yana ihu a kai kamar kunama ta harbe shi. Yakan kunna a ɗakinsa da ke kusa da zaure idan ubansa ya fita, ya rage murya, in kaset ya ƙare ya zura biro ya mayar da shi baya don kar batir ya ƙare. Ina jin abin sama-sama, ban damu ba, na ɗauka hayaniya ce kawai. Ummi kuwa ta mayar da bakin ƙofarsa wurin wasanta, tana zaune da 'yan duwatsunta na carafke. Shi bai ɗauke ta a bakin mai kunne ba.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Malam na zaune kan tabarma a inuwar ɗaki yana cin abinci, ni ina gefe ina tsinke zogale. Ummi ta taho da kofin ruwa tana rangaji, tana rera wani abu da Turanci, kalma bayan kalma, tas kamar an wanke. Na ga hannun Malam ya tsaya tsakanin kwano da baki. Ban san Turanci ba, amma wannan shirun na san shi, don ni na taɓa haddasa irinsa.

"Wa ya koya maki wannan?" ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa.

"A ɗakin Yaya na ji," in ji ta, tana murmushi tana jiran a yaba mata.

Ya wanke hannu, ya shiga ɗakin yaron, ya fito da rakoda da kaset huɗu ya zube su a tsakar gida. Ya wuce madafa ya ɗauko taɓarya. Kabiru na raɓe jikin bango, uwarsu ta leƙo ta koma. Malam ya ce daga yau an gama kiɗa a gidan nan, kowane iri, ko na rediyo ne. Na ji maganar ta shige ni kamar jiya aka faɗe ta a gaban bangon madafarmu. Ba al'adarmu ba ce uwa ta tsaya musu da ɗan fari ido da ido, saboda haka na fuskanci turmi na yi magana.

"A ce ma mai taɓaryar nan ya ajiye mani ita. Tawa ce, da ita aka kawo ni."

Ya sauke ta amma bai sake ta ba. "Inna, ba ki san abin da ke cikin kaset ɗin nan ba."

"Kai ka sani. To za ka zaunar da shi ka faɗa mashi abin da ke ciki, da dalilin da ya sa bai dace ba?"

Ya sunkuyar da kai. Na san ba zai iya ba. Yaron ɗan farinsa ne, ko sunansa ba ya kamawa, balle ya zauna da shi su yi zancen abin da ke tsakanin mace da namiji.

"Ka gani," na ce. "Abu biyu kawai ka iya da shi, ka hana ko ka buga. Wannan ba aikin uba ba ne, aikin kakanni ne, tun can mu ke yin shi. Kawo su ɗakina."

"Inna, shari'a fa ake yi yanzu. In aka ji wannan daga gidana, da wane ido zan dubi mutane?"

"Ai a shari'ar ma sai an saurari wanda ake ƙara kafin a yanke. Ba ni yau kaɗai. In na ga na fasawa ne, gobe ni zan miƙa maka taɓaryar."

Bayan la'asar, da yara suka fita wasa, na kira Kabiru. Ya shigo yana sanɗa kamar ɓarawon kaza. Na ce, "Maigida, zauna. Ka daɗe kana shan daɗi kai kaɗai ka bar matarka da rediyon wa'azi. Kunna mu ji."

"Kaka, don Allah ki yi haƙuri."

"Ban ce ka ba ni haƙuri ba, cewa na yi ka kunna. Wanda Ummi ta ɗauko nake so."

Ya kunna. Na daure na saurara, dodon kunnena na kaɗawa. Bayan ɗan lokaci na ce ya tsayar ya faɗa mini da Hausa abin da ƙaton ke cewa. Ya yi ta inda-inda, sannan ya ce wai saurayi ne ya gaji da garinsu, yana magana ba mai sauraronsa, ubansa ba ya ganin komai nasa sai laifi, yana so ya hau babur ya yi ta tafiya har inda hanya ta ƙare. Ban zaci haka ba. Wannan ai shi ne abin da mata ke faɗa wa dutsen niƙa, sai dai su ba su da babur. Na tambaye shi ko shi ya sa yake so. Ya ce, "Kiɗan ne, Kaka. In na ji shi sai in ji kamar an sauke mani kaya daga ƙirji." Na gaskata shi, kuma tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba. Na ce ya ci gaba. Waƙa ta biyu ta wuce, ita ma ƙorafi ce da cika baki. Da ta uku ta kama, na ji daidai abin da Ummi ta rera, na ɗaga hannu.

"Wannan fa?"

"Yana ce ma wata yarinya ne," ya fara, sai ya tsaya. Ya sake ɗaukowa, ya faɗi cewa ya gan ta, ya kira ta, sun keɓe. Daga nan bakinsa ya ƙi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya kafe tabarma da ido. "Kaka, ba ya faɗuwa da Hausa."

"Ya kuwa faɗu da bakin ƙanwarka, gaban ubanka, ranar Juma'a."

Sai hawaye. Ya ce wallahi ya san ma'anar tun farko, amma da Turanci ba ya jin nauyinta, kamar ba da mutane ake ba, sai yanzu da ya zo juya ta ya ji abin da take. Na bar shi ya yi kukansa. Da ya lafa na ba shi labarin maƙerin Sandamu, ban rage komai ba. Ya yi dariya har da buga ƙafa, don ya gane inda wutar ta mutu ba sai na yi bayani ba, da na kai wurin shirun Gwaggo kuma dariyar ta ɗauke. Na ce masa a wurinmu ba a auna isa jin waƙar manya da shekaru, ba a kuma auna ta da gashin baki. Ganewa ma ba ita ce ba, don kowane shashasha na iya ganewa. Abin da ake dubawa shi ne ko mutum ya san abin da ya ji yana da nauyi, ya kuma san ya waiga ya ga wa ke bakin ƙofa kafin ya buɗe.

"Na farkon kana da shi, na gani a goshinka," na ce. "Na biyun ba ka da shi tukuna. Saboda haka ka isa ji, amma ba ka isa ajiya ba. Rakoda ta dawo ɗakin nan. In yara sun tafi Islamiyya ka zo ka kunna, ni zan zauna maka a ƙofa. Ummi kuma kai ka sa mata abin a baki, kai za ka cire. Ba da tsawa ba, in ka tsawata mata sai ta san akwai wani abu a ciki. Ka nemo wata waƙar ka cika mata baki da ita."

Washegari da safe Malam ya zo gaishe ni, ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar kullum. Bayan gaisuwa ya ɗan jima bai tashi ba.

"Inna, ya faɗa maki?"

"Rabi."

"To kin gani."

"Na gani. Rabin da ya kasa faɗa shi ya sa na bar mashi. Da ya zayyana mani shi tsaf idonsa cikin nawa, da ba ka tarar da rakodar nan da rai ba."

Ya daɗe yana murza yatsu. Daga ƙarshe ya ce, "Ni dai kar in ji."

"Ba za ka ji ba."

Ba zan ce ya gamsu ba, don har yau in zancen ya taso yakan ce na shagwaɓa yaron. Maƙwabta ma sun yi nasu, wai tsohuwa da tasbaha a hannu tana sauraron kiɗan Nasara a wannan zamani. Na ce su zo su taya ni zama in suna ganin daɗi ne. Kabiru ya yi mako guda yana bin Ummi da wata waƙar ƙirga da ya ƙaga da kansa, mai awaki da tumaki, har ta ishi kowa a gidan, ta kuwa ture wancan Turancin ya ɓace.

Haka muka ci gaba. Kusan kullum bayan la'asar yana ciki da ƙatonsa mai ihu, ni ina bakin ƙofa da faifan shinkafa ina tsintar tsakuwa, kaina na sarawa. Duk yaron da ya doso in kore shi da aike. Tun ina jin abin hayaniya ɗaya har na iya bambance su, na san wadda ke bin wata, na san inda gangar ke sauri. Wata rana waƙa ta biyu ta ƙare, na gyara zama ina jiran ta ukun. Sai na ji ƙas, kaset ya yi gudu, ƙas kuma, ta huɗu ta kama. Na ɗauka kuskure ne. Washegari ya sake, rana ta uku ma haka. Ban ce masa ya tsallake ta ba, ubansa ma bai ce ba, kuma ba kowa a tsakar gidan sai ni da ba na jin Turanci. Ban waiga ba, ban yi masa magana ba. Na ci gaba da tsintar shinkafata, daɗi ya cika ni har idona ya kawo ruwa na kasa ganin tsakuwar.